Masu Tari Su Koma Bayan Katanga

Jiya da safe na goya yarona zuwa asibitin unguwarmu, ƙirjinsa na fito kamar buta a kan wuta. Surukata ta rako ni, don ta san ko gaisuwa sai an matsa mini nake ɗaga murya.

Muna isa na ɗauka ɓatan hanya muka yi. An shafe bango da fenti, an share harabar, har da furanni a tukwane. Mai gadi ya tare ƙofa yana tantance mutane.

"Baba, lafiya?" in ji surukata.

"Lafiya lau, Hajiya. Manyan baƙi ne za su zo daga ƙasashen maƙwabta. Sun haɗa kai za su duba ko allurar rigakafin ciwon ƙirji tana aiki. Duk mai tari ya koma bayan katanga."

"Asibitin kuma na wa?"

"Yau dai na masu lafiya ne."

Ni karatuna bai yi nisa ba, shi ya sa ban taɓa sanin haka ake bincike ba. Ashe in kana son sanin ko magani na aiki, sai ka ɓoye marasa lafiya. Allah ya ƙara wa manya basira.

Malamar asibiti ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ba ta da surutu, a sa ta a gaba." Aka kwance yarona aka miƙa wa surukata, suka yi bayan katanga cikin rana. Ni kuma aka ɗora mini ɗan matar telan unguwarmu a cinya, wani ɓulɓul da kumatu kamar an hura.

Sai bayan azahar motoci suka iso. Mai Girma Sarkin Duba Allura ya shigo, baƙi na biye, ana ta ɗaukar hoto. Ya tsaya a kaina.

"'Yata, an yi masa rigakafi?"

Na sunkuyar da kai.

"Yana tari?"

Na ƙara sunkuyarwa. Ya juya ya ce wa baƙi, "Kun gani da idonku." Aka tafa.

Tafin bai gama ba sai tari ya taso daga bayan katanga. Cikin muryoyi da yawa na tsinci ta yarona, 'yar siririya mai yankewa.

"Mene ne wancan?" in ji wata baƙuwar likita.

"Injin wuta ne, ranki ya daɗe," in ji mai gadi. "Ya tsufa."

Wannan karon ba kai na sunkuyar ba. Ƙafa ce ta tashi. Na mayar wa matar tela ɗanta, na zagaya na ɗauko nawa, na zo na ajiye shi a hannun baƙuwar. Ta kara kunne a bayansa, fuskarta ta canza. Ta tambaya ko an taɓa yi masa allurar.

Surukata ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Duk zuwanmu sai a ce ta ƙare, ko firji ya lalace."

Ku zo ku ga ikon Allah. Nan take magani ya fito daga kabad, gado ya samu, firjin da ya lalace ya farfaɗo har yana gurnani. Mai Girma na ta murmushi, gumi na bin wuyansa. Baƙuwar kuwa ta nufi bayan katanga da kanta, mai gadi na binta yana cewa babu komai can sai shara.

Yaron ya kwana da sauƙi, an ce in ya warke a kawo shi rigakafi. Malamar asibiti dai ba ta amsa gaisuwata. Don haka ina roƙon ƙasashen maƙwabta, in ba takura, su sanar da ni ranar da za su dawo, sai in daidaita ranar kai shi rigakafin da tasu.