Yadda Ake Haɗa Modela da Amfilifayar Baba Philemon a Matakai Bakwai

Kai mai jita, kai da ka gaji da a riƙa ce wa kiɗanka kukan sauro a gwangwani, matso kusa. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na yi maka alkawari kafin Lahadi sunanka zai zaga Jimeta, daga Demsawo har Vinikilang. Ban ce da wane irin labari zai zaga ba. Zagawar dai na lamunce maka.

Hanyar ba ta gwaji ba ce, an riga an bi ta. Wanda ya bi ta sunansa Nicodemus, malamin lissafi a wata firamare, shi ne kuma mai kaɗa jita a wani ƙaramin cocin langa-langa a Demsawo. Duk inda ka rikice, dubi abin da ya yi ka kwaikwaya.

Mataki na ɗaya: Sayi modela, sannan ka raina ta

Modela wani ɗan akwati ne mai kwamfuta a ciki, a ƙasa ake ajiye shi ana takawa da ƙafa. Ka soka wayar jita, sai ta kwaikwayo maka muryar amfilifaya ɗari, har da waɗanda kakanka bai taɓa gani ba ko a hoto. Tana kuma da kafar hedifon, don ka yi kiɗanka a kunnenka kai kaɗai. Riƙe wannan, zai yi maka amfani a gaba.

Nicodemus ya yi odar tasa daga Legas, ya yi mako guda yana murna kamar wanda aka yi wa ƙarin girma. Sai ya ci karo da wani Bature mai gemu a bidiyon waya, yana cewa sautin kwamfuta sanyi gare shi, ba ya yin ɗumi sai an bi da shi ta amfilifaya mai kwalabe. Shi ke nan. Mutumin da ke zaune a Yola, inda sirdin babur ke gasa mazaunai tun ƙarfe tara na safe, ya shiga neman ɗumi ido rufe. Kai ma ka yi haka. Abin da kake da shi ba ya taɓa isa muddin akwai data a wayarka.

Mataki na biyu: Gano wanda yake da ita

Amfilifaya mai kwalabe tsohon ƙarfe ce mai nauyin tsiya, a cikinta akwai wasu kwalabe kamar ƙwan lantarki da ke yin ja in sun ɗau zafi. Kada ka ce za ka saya. Gwani ba ya saye, aro yake yi, don abin aro ya fi daɗin murɗawa.

A duk Demsawo guda ɗaya ce, tana ɗakin Baba Philemon, dattijon cocin. Ta ɗansa Tizhe ce, wanda ke kaɗa jita a cocin ƙauyensu can bayan Michika. A shekarar 2014, ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen, an ƙone cocin, Tizhe kuma bai fito ba. Amfilifayar tana gida a ranar. Mutane na ɗaukar hatsi da tukwane, shi Baba Philemon ita ya ɗauka. Matarsa ta kwance ɗankwalinta ta naɗa masa gammo, ya yi kwana uku da ita a ka cikin duwatsu kafin su samu motar Yola. Wasu sun ce ya taɓu.

Tun daga nan tana kan tebur, lulluɓe da zane. Ya saya mata 'yar sifika a kasuwar Jimeta, kuma duk farkon wata yakan kunna ta ya zauna yana kallon kwalaben suna yin ja, sannan ya kashe. Shekara goma ba wanda ya soka mata jita.

In ka ji irin wannan labari, kada ka bari tausayi ya ɓata maka shiri. Abin da za ka lura da shi kawai shi ne kwalaben suna aiki.

Mataki na uku: Roƙa da ladabi, ka ce “to” ga duk abin da aka faɗa

Nemi dalili mai tsarki. Nicodemus ya samu nasa a sauƙaƙe, domin ranar Lahadi cocin zai yi sujadar godiya ta cika shekara goma da isowarsu Yola. Ya je gidan, ya durƙusa, ya gaishe da Baba da Maman Tizhe har sau biyu-biyu.

“Baba, ranar godiya ɗin nan, ya kamata mutane su ji murya na amfilifaya ɗin nan. Ko sau ɗaya.”

Tsohon ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ce, “Zan ba ka, ɗana. Amma abu ɗaya Tizhe ya gaya mini, kullum yana maimaitawa. In yana kunne, waya na sifika kada ya fita. Ko minti ɗaya. Ya ce abu ɗin nan in bai samu inda zai zuba ƙarfinsa ba, kansa yake ci.”

“To, Baba.”

“Ka ji ko?”

“Na ji, Baba.”

Lura da gwaninta. Bakin Nicodemus na cewa “to”, zuciyarsa tana can tana lissafin wace waya ce za ta shiga wace kafa. Haka ake sauraron manya. Me tsohon manomi ya sani game da lantarki wanda Bature mai gemu bai faɗa ba?

Mataki na huɗu: Haɗa kayan

Nan ne kaɗai za ka yi abu daidai, saboda haka ka more shi.

Jita ta shiga modela. Modela ta shiga amfilifaya. Amfilifaya ta shiga sifika. A cikin modela akwai wurin da take kwaikwayon muryar sifika, kashe shi, tunda ga sifikar gaske a gabanka, in ba haka ba sautin zai fito kamar mai magana da bargo a baki. Rage murya zuwa ƙasa. Kunna, ka ba kwalaben minti biyu su yi ja. Sannan ka ɗaga a hankali.

Ranar Asabar bayan azahar Nicodemus ya yi duk wannan a coci, shi kaɗai sai Baba Philemon da ya rako kayansa ya zauna a bencin baya. Ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Gaskiya a faɗe ta ko da ta Bature ce: sautin ya fito da kauri, ya cika ɗakin har langa-langar tana amsawa. Nicodemus ya ja wata tsohuwar waƙar yabo da mutanen ƙauyen ke yi, da ya waiga sai ya ga tsohon a tsaye, hula a hannu, hawaye na bin gemunsa.

“Shi ne,” in ji Baba Philemon. “Murya ɗin ke nan. Kada ka kashe, ɗana. Bari in je in kawo mamansa ta ji.”

Ya fita da saurin da ba a san shi da shi ba.

Mataki na biyar: Girmama maƙwabci

Katanga ɗaya ce tsakanin cocin da masallacin Goni Tahir, malamin Alƙur'ani mutumin Borno. Lokacin da mutanen ƙauyen suka iso Jimeta ba ko tabarma, shi ya buɗe musu zaurensa da tsakar gidansa wata huɗu, shi ma kuwa gudun ne ya kawo shi garin. Tun daga nan cocin ke da wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba: da zarar an fara kiran salla, sai a yi shiru har a idar. Kuma da yake maɓallin muryar tsohuwar amfilifayar cocin ya daɗe da lalacewa, in an taɓa shi sai ya yi ƙara kamar ana yaga buhu, hanyar da kowa ya saba ita ce a fizge wayar sifika. Waccan amfilifayar ta zamani ce, ba kwalba a cikinta, ko a jikinta. Shekara da shekaru ana fizgewa ana mayarwa.

Ladanin Goni Tahir ya ɗaga murya ya fara kiran la'asar. Hannun Nicodemus bai nemi shawarar kansa ba. Ya miƙa bayan amfilifayar ya zare wayar, ɗif, coci ya yi tsit. Har wani daɗi ya ji a ransa, irin na ɗan halak mai tuna alheri.

Kai ma ka zama ɗan halak. Kashe makunni aikin masu lokaci ne, kuma ai an ce maka kada ka kashe.

Mataki na shida: Kada ka ɓata lokaci

Ga inda modela ke nuna ta fi tsofaffin kaya. Da a zamanin Tizhe ne, in ba sifika ba kiɗa, sai mutum ya ajiye jita ya jira. Kai kuwa kana da kafar hedifon. Soka, ka rufe kunnuwanka, ka ci gaba. Maƙwabci na salla cikin natsuwa, kai kana atisaye, kowa ya samu nasa.

Haka Nicodemus ya yi. Ya lumshe ido, ya taka modela ya ƙara mata ƙarfi, yana hango gobe: mata na guɗa, fasto na gyaɗa kai, matasan cocin Yolde Pate da aka gayyato suna cizon yatsa. Duk abin da yake kaɗawa kuwa yana bin waya yana shiga amfilifayar, ita kuma tana ninka shi tana neman inda za ta zuba, babu. A kunnensa sautin garau yake, don modela ba ruwanta da abin da ke faruwa a bayanta. Raka'a huɗu ba su da tsawo, amma sun isa.

Hancinsa ne ya fara ba shi labari. In ka kai nan, ka buɗe ido ka ga wani siririn hayaƙi yana fita ta ramukan ƙarfen, to ka yi komai daidai.

Mataki na bakwai: Kira mai gyara, don a samu shaida

Nicodemus ya fizge wayar wuta, ya tsallaka titi a guje ya jawo Bobboyi, tsohon mai gyaran rediyo da ke da rumfa a bakin layin. Bobboyi ya kwance murfin, ya shinshina, ya dubi wayar sifikar da ke yashe a ƙasa, ya dubi hedifon da ke rataye a wuyan malamin lissafi.

“Waye ya cire waya ɗin nan?”

“Bappa, kiran salla aka yi.”

“Allah ya ba da lada. Taransifoma na ciki ya ƙone.”

“Ba za a samu wani ba?”

“Walaa. Babu a Yola, babu a Kano. Kamfani ɗin ma ya mutu kafin a haife ka. In na naɗa maka sabon waya zai yi ƙara, amma murya ɗin can ba zai dawo ba.”

Bai rufe baki ba Maman Tizhe ta shigo. Ta canza zane, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa biki. Ta wuce kai tsaye bencin gaba ta zauna, ta gyara zama, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

“To, ɗana, kaɗa mini.”

Baba Philemon a bakin ƙofa ya tsaya. Ba wanda ya gaya masa komai, warin ya ishe shi, ya san shi tun ranar da ya baro ƙauye. Nicodemus ya zare hedifon daga wuyansa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin ta haɗiye shi, da ya gode mata.

Tsohon ya tako a hankali. Ya sunkuya ya ɗauki wayar sifikar, ya mayar da ita kafarta, ya danna ta zauna sosai. Ya ɗauko zanen ya lulluɓe amfilifayar. Matar ta dube shi, ta dubi zanen. Ta kwance ɗankwalin bikin ta naɗa gammo.

“Baba, don Allah bari in ɗauka. Bari in tsayar da keke.”

“Bari, ɗana,” in ji Baba Philemon. “Na san nauyinsa.”

Bobboyi ne ya aza masa. Suka fita, yana gaba tana biye, daidai lokacin da mutanen masallaci ke fitowa. Goni Tahir ya ɗaga hannu daga bakin ƙofarsa, fuska a sake, ya ce, “Mun idar, Baba Philemon. Ku mayar da wayarku, wallahi yau kiɗa ɗin ya yi daɗi.”

Sanarwa

Mai wannan bayani ba shi da hannu a hayaƙi, ko wari, ko sujadar godiya da aka yi da ganga da tafi kawai. Jitar taka ce, ƙafar da ta taka modela taka ce, bakin da ya ce “to” naka ne. Alkawarin da na yi kuwa ya cika, don kafin Lahadi sunan Nicodemus ya kai Vinikilang har ya wuce. Mai ƙorafi ya kai wa Bature mai gemu.

Kada kuma ka zo mini da tambayar yadda ake haɗa ido da Baba Philemon, wanda har yanzu duk farkon wata yakan yaye zanen ya zauna gaban kwalaben da ba sa yin ja. Nicodemus ya bincika wayarsa kaf, wannan matakin babu bidiyonsa.