Hular Surukin Haladu a Yaƙin Ruwan Bankok

Wannan tarihin sadauki ne ɗan sadauki, Haladu Dogo ɗan Ilu Mai-Takalma, jikan Barau da ya taɓa korar jakin maƙwabci daga gindin rumbu da muciya kaɗai, tattaɓa-kunnen Sallau wanda masana suka tabbatar bai taɓa gudu ba sai sau uku, duka ukun kuwa kare ne sanadi. Haladu giginyar Ƙofar Wambai, mai sunkuyawa kafin ya shiga shagon kansa, barden silifa, garkuwar kambas, wanda in ya ce takalmi daidai ne to ƙafa ce za ta yi haƙuri.

A shekarar da Allah ya ƙaddara masa fita sarin takalma zuwa birnin Bankok na ƙasar Tailan, surukinsa Alhaji Garzali, mahaifin matarsa Zuwaira, ya kira shi zaure, ya buɗe adaka, ya fito da hula. Zanna ce ɗinkin Maiduguri, wata goma sha ɗaya ana zuba mata allura, jan zare a kan fari, tana tsaye ƙyam saboda sitaci. Mutum ɗaya tak a duk Kano ya iya wanke ta ba tare da jan ya zuba a kan farin ba, shi ma shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, tun daga ranar kuwa ruwa bai sake ganinta ba. Alhaji ya miƙa ta da hannu biyu ya ce, "Ka sa ta, su san daga gidan mutunci ka fito. Ka dawo mini da ita yadda take." Haladu ya karɓa kansa a ƙasa, don duk wanda ya san kunyar suruki ya san gara a ba ka riƙon jariri da a ba ka wannan amana.

Kwana shida sadauki yana ratsa kasuwannin Bankok, hula a ka, lafiya lau. A na bakwai sai Wirot, mai masana'antar takalman da yake sari a wurinsa, ya gayyace shi cin abincin rana a gidansa da ke ƙarshen layi, taku ɗari huɗu daga masauki. Ranar kuwa ta dace da sabuwar shekarar mutanen ƙasar, wadda suke kira Sonkaran, inda ake kwana uku kowa na watsa wa kowa ruwa, wai a wanke dauɗar shekarar da ta wuce.

Tasi'u, ɗan Gwammaja mazaunin birnin, wanda shi ne dillalinsa kuma tafintansa, ya leƙa taga ya dawo ya ce, "Maigida, ka bar hular nan a ɗaki. Yau mutanen nan ba sa ganin girman kowa. Ɗan sanda ma jiƙa shi suke yi, yana dariya."

Haladu ya ce, "Hular da aka aro don a gani, ɗaki za ta yi wa kwalliya? Wuce mu je."

Amma jarumta ba wauta ba ce. Gwarzo ya naɗe hula a leda, ya sa ledar a wata leda, ya sa su a ta uku, ya ƙulle baki, ya cusa ƙarƙashin hammatar hagu ta cikin riga, da niyyar sai a ƙofar Wirot zai ɗora ta. Sa'an nan ya nemi makami, bai ga komai ba sai butar alwalarsa ta roba da ya taho da ita tun daga gida. Ya cika ta fal, ya yi bisimilla, ya fita fagen fama.

Marubuta tarihi sun yi saɓani a kan adadin rundunar da ta tarye shi, wasu suka ce dubu, Tasi'u ya ce ba su wuce ashirin ba a karon farko, amma an haɗu a kan cewa tun daga bakin titi har inda ido ya ƙure babu busasshen mahaluƙi, maza da mata, tsofaffi da matasa, kowa da bindigar ruwa mai kalar alewa, wasu da bokiti, wasu sun ja tiyo daga cikin shago, ga kiɗa na tashi daga kowace kusurwa, ga rana ta take tsaka tana gasa kwalta. Suka hango farar shadda ta sha bugu tana walƙiya, kai ya zarce kawunan jama'a, sai wuri ya yi tsit na ɗan lokaci, irin shirun da mahauta ke yi in an shigo da babban sa.

Sadauki ya ɗaga buta ya yi kirari: "Sai ni Dogo na Zuwaira! Ruwa ba sa'an kwando ba ne!" Bai tsaya ya tantance wane ne kwandon ba.

Harbin farko wata mai sayar da kankana ce ta yi shi, ya same shi a kunne. Ya mayar da martani da buta, ruwan ya yi baka a sama ya sauka gaba ɗaya a ƙeyar Tasi'u. Daga nan makami ya ƙare, aka shiga gumurzu na gaskiya. Aka yi masa ruwan bokiti ta dama, aka biyo shi da tiyo ta baya, wata motar a-kori-kura ta tsaya daidai shi da duro cike da ƙanƙara, aka juye masa rabi a wuya, har ya ambaci sunan mahaifiyarsa a bainar jama'a, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi hankali. Wani dattijo ya matso cikin ladabi, ya haɗa tafuka ya rusuna, ya shafa masa farar ƙasa a kumatu biyu. Buta ta faɗi a taku na ɗari biyu, ba a sake jin labarinta ba. Duk wannan bala'i hannun hagu bai ɗaga daga haƙarƙari ba ko da faɗin yatsa.

Gaskiyar da tarihi ba zai ɓoye ba ita ce, wajen taku na ɗari uku Haladu ya ji kansa yana dariya. Rabonsa da irin wannan daɗi tun yana yaro yana wanka a ƙarƙashin indararo. Har bokitin wani ya ara da hannun dama ya rama sau biyu.

Suka kai gidan Wirot, aka rufe ƙofa, hayaniya ta koma baya. Gwarzo ya tsaya a tsakar gida yana tsiyaya, ya kwance leda ta farko, ya kwance ta biyu, ya kwance ta uku. Hula ta fito a bushe ƙamas, jan na nan a inda yake. Ya goge kansa da tawul ɗin da aka miƙo masa, ya ɗora ta, ya ɗan karkata ta dama. Ko wanda ya ci garuruwa goma bai kai shi farin ciki a wannan lokaci ba.

Sai Wirot ya fito riƙe da hannun mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, tsayinta bai wuce aljihun Haladu ba. A hannunta akwai ɗan kwanon azurfa da ruwan ƙamshi, furanni na yawo a kai. Al'adarta ita ce ta ɗan zuba wa baƙo kaɗan a hannu ko a kafaɗa ta sa masa albarka. Da a tsaye ya gaishe ta, iyakarta hannun nasa.

To amma ɗan Ilu ba a haife shi ya gai da babba a tsaye ba. Kafin Tasi'u ya buɗe baki, sadauki ya cire takalmi, ya zube ƙasa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina wuni, Iya? Mun same ku lafiya?"

Tsohuwa ba ta taɓa ganin baƙo mai ladabi haka ba. Ta ɗauka kan ya miƙo mata. Fuskarta ta cika da murna, ta ga kaɗan ba zai ishi irin wannan ɗa ba, ta ɗaga kwano da hannu biyu ta juye shi duka a tsakiyar hula, a hankali, tana addu'a da harshensu. Haladu ya ji sanyin na ratsa sitaci, ya ji hular na kwantawa a kan kunnuwansa, amma ba a kauce wa hannun tsohuwa tana sa albarka.

Tasi'u ya ce a hankali, "Ta ce Allah ya ba ka shekara mai sanyi."

Haladu ya ce, "Amin." Wani jan ɗigo ya gangaro ta kan hancinsa ya sauka a farar shadda. Ya dube shi ya daɗe, yana nan a durƙushe, sa'an nan ya ce, "Tasi'u, ɗakin nan da ke kusa da naka, akwai mutum a ciki? Na ga komawa Kano ba yanzu ba."

Tsohuwa kuwa, da ta ga bai tashi ba, sai ta juya ta sake cika kwanon.