Ranar da Na Je Ceton Isufu Daga Waya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara wa autana Isufu jama'a ba, ni da kowa a unguwarmu ta Madarumfa yake kawo wa magana in ta gagara. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ban taɓa jin na rasa wani abu ba sai a wannan rana.

Lokacin ɗari ne, fata duk ta bushe. Isufu ya dawo daga Yamai da karatunsa, wani furoje, wato shirin taimakon masu lambu a bakin tafki, ya ɗauke shi gwaji. Suka ba shi kwalaye, suka ce ya haɗa musu ordinata, wato kwamfuta, in ta tashi aiki ya zama nasa. Ya kawo kwalayen gida saboda biron nasu, wato ofishinsu, bai da ƙyaure. Ni dai na ji ana ordinata, ordinata, na ɗauka wani abu ne mai ƙafafu.

Da hantsi na kai masa fura. Abin da na gani daga bakin ƙofa ya sa na kusa sakin ƙwaryar. Ya naɗe tabarmar robar da na shimfiɗa masa ya jingine ta waje. Ya tuɓe rigar sanyinsa, ya cire takalmi, yana zaune a kan siminti tsirara cikin wannan sanyi. Ga wata waya ɗaure a wuyan hannunsa, ta bi ta taga zuwa wani ƙarfe da ya kafa a ƙasa. Kafin ya taɓa komai sai ya shafi ƙarfen akwatin ordinatar, yana magana shi kaɗai.

"Inna, tsaya nan. Kada ki shigo," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

"Wa ya ɗaure ka?"

"Ni na ɗaure kaina."

To, jama'a, ku gaya mini. Mutanen da na taɓa gani a ɗaure da ƙarfe, na san abin da ke damunsu. (Akwai wani ƙanen mijina da aka yi wata uku ana ɗaure shi, shi ma haka yake cewa kada a shigo.) Ban ƙara tambayarsa komai ba, don ni a ganina na riga na gane. Na ajiye furar, na yafa sabon mayafina na nailan wanda aka sayo mini a Ɗan Issa, na ja silifana na roba, na tafi gidan Malam Habu limaminmu. A hanya na gaya wa maƙwabciyata Rabi, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin mu dawo, tsakar gidana ta cika da mata, har da uwar yarinyar da Isufu yake nema.

Malam ya leƙa ya yi sallama, riƙe da ƙwaryar rubutun da na roƙa a ba yaron ya sha. Isufu ya amsa lafiya lau, yana riƙe da wani koren faranti mai ƙananan gidaje da hanyoyi a kansa, kamar wani gari ne aka ƙanƙantar.

"Hajiya," in ji Malam a hankali, "ni kam yaron nan lafiyarshi ƙalau nike gani."

"Malam, ni na haife shi. Wanga abu ne ya riƙe shi."

Na kutsa kai ciki. Na fizge wayar daga hannunsa, na miƙa hannu zan ƙwace farantin in jefar da shi waje. Kafin yatsana ya kai gare shi sai na ji ƙas, wani abu ya tsunkule ni kamar allura, har na ga ɗan haske. Na ja baya ina salati, na juya wajen matan na ce, "Kun gani ko? Ya cije ni!"

Isufu ya dafe kai.

"Inna, ba shi ya cije ki ba. Ke kika cije shi."

Ya ce ko na tuna tartsatsin da bargo yake yi in na kakkaɓe shi lokacin ɗari? Ya ce irin wannan wuta ce mayafin nailan da silifan roba suka tara mini a jiki tun daga gidan Malam. Wayar da ya ɗaura ita ke zubar da tasa cikin ƙasa, don ɗigo ɗaya ya isa ya ƙone cikin farantin. Na ce ni da na yi alwala da safe, ina wuta za ta zauna a jikina? Malam ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Rabi ba ta ma rufe ba. Surukar tawa kuwa ta tambaya cikin ladabi, "To Hajiya, a zubar da rubutun ko ke za ki sha?"

Da la'asar ya kai kayan biro aka kunna musu gurup, wato janareta. Ordinata ba ta ce uffan ba. Shugaban furojen ya ba shi zuwa ƙarshen mako. Isufu ya hau mota har Kano neman wani farantin, ni kuma na kwana biyu ban leƙa ƙofar gida ba, don yara sun fara kirana Hajiya Mai Kuran, wato mai lantarki. Da ya dawo ya kulle ɗaki da sakata ya haɗa ta, ta tashi, aka ba shi aikin. Auren ma an yi, sai dai har yau in surukata uwar amaryar za ta gaisa da ni, tana fara taɓa ƙarfen ƙofa.

Har gobe ban gane inda wutar nan take ɓuya ba, an yi mini bayani ya fi a ƙirga. Abin da na gane shi ne, in na ga babban mutum ya ɗaure kansa da hannunsa, zan tambaye shi dalili kafin in je gidan liman. In kuwa dole sai na je, ba zan bi ta ƙofar Rabi ba.