Lambun Saman Benen Alhaji Ɗantani

Wani mutum ne a unguwarmu, Alhaji Ɗantani. Ba ka isa ka faɗi abu a gabansa bai ce ya riga ka ba. In ka ce ka ga kada, shi ya taɓa hawanta. In ka ce kana zazzaɓi, nasa ya fasa ma'aunin likita.

Rannan sai ga wata ƙungiyar masu dashen itatuwa ta zo, da wata injiniya mai suna Murja. Ta tara mu a ƙofar gidan mai unguwa, ta kafa ƙatuwar talabijin, ta nuna mana taswirar unguwar yadda tauraron ɗan adam ya ɗauko ta daga sama. Ja wur!

Ta ce, "Jan nan duk zafi ne, kwano da siminti. Inda kuka ga kore, shuka ce. Muna neman benaye masu rufin siminti, a zuba ƙasa a yi lambu a kai, gari ya yi sanyi."

Alhaji ya gyara babbar riga. "Yarinya, sai yanzu kuka farka? Ai ni saman benena daji ne. Da bargo nake kwana a tsakiyar bazara."

"Alhaji, ga gidanka nan. Ja ne."

"Tsohon hoto ne! Tauraron naku ya kwana biyu bai leƙo ba."

"To shi ke nan. Ranar Asabar za mu zo da jirgi mara matuƙi mai ɗaukar hoto, kowa ya gani kai tsaye a talabijin ɗin nan. Gidan da ya fi kore, da shi za mu buga misali, har a gidan talabijin."

Jin an ambaci gidan talabijin, sai idon Alhaji ya yi wal! Alhali babu komai a saman benen nan sai tankin ruwa da tsohuwar katifa.

Asabar da sassafe ya faɗa kasuwa. Ya cika keke napep da alayyahu, latas, yakuwa, ganyen albasa, har da harawa. Ya yi ta jida yana haki, ya shimfiɗe rufin kaf, ya yayyafa ruwa. Sannan ya sha wanka, ya kafa hula, ya zo ƙofar gidan mai unguwa ya zauna a sahun gaba.

Jirgi ya tashi, zuuu! Ya wuce gidan liman, ja. Ya wuce gidan tela, ja. Ya zo gidan Alhaji, kore shar!

Wuri ya ɗauki "Kai! Kai!" Har Murja ta buɗe baki.

Alhaji ya miƙe yana juyi. "Me na gaya muku? Amma daga can nesa me za ku gani? Sauko da shi, yarinya, a ga aikin manya!"

"Alhaji, haka ma ya isa."

"Na ce ki sauko da shi! Ƙasa! Ƙara! Ƙara!"

Ta ƙara. Iskar farfelar jirgin ta bugi rufin, fuuu! Sai muka ga lambu ya tashi. Latas ya yi gabas, yakuwa ta yi yamma, harawa ta bi layi awaki na binta a guje. Kafin ka ce me, ba abin da ya rage a talabijin sai katifa, ta yi ɗai-ɗai tana kallon jama'a.

Can sai ganye ya fara sauko mana kamar ruwan sama. Wani ƙullin alayyahu, da igiyarsa ta kasuwa, ya faɗo kan hular Alhaji, tim!

Ya fara in-ina. "Wato... irin na ƙasar waje ne. Ba ya yin saiwa."

Iya Tabawa mai ƙosai, wadda tuni ta cika zaninta da ganye, ta miƙa hannu ta ɗauke na kan hular.

"Allah ya ƙara albarka, Alhaji. Don Allah Asabar mai zuwa ka shuka har da tattasai, mu huta da cefane gaba ɗaya."