Kwalin Inhelar Hajiya

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na fara ɗaga murya a bainar jama'a, kuma na sauke ta a kan mutumin da bai ci ba bai sha ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi. Amma kafin ku yi mini dariya, ku ji abin da ya kai ni, don ni ma an cuce ni.

Ina da asma tun ina firamare. Abin da ke riƙe da ni shi ne inhela, ɗan abin shaƙar nan mai shuɗin kwali. Iri biyu ne a kasuwa: akwai mai babban suna, ɗan Turai, akwai kuma na talakawa, wanda ba shi da suna sai na sinadarin da ke cikinsa. Aikinsu ɗaya (na karanta takardun da ke cikin kwalayen biyu layi-layi, har da ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa). Bambancin kawai, kuɗin ɗan Turan zai ciyar da ni wata guda a makaranta.

Ina aji uku a jami'a, ana saura mako uku jarrabawa, sai na talakawan ya yi ɓatan dabo a Gombe. Ga damina ta kankama, sanyin asuba kuwa ba ya ga maciji da ƙirjina. Daga Gabukka inda nake zaune har Dawaki babu kemis ɗin da ban leƙa ba. Wannan ya ce ya yanke. Wancan ya ce dala ce. Wani ya ce masu kawowa ne suka daina. Amma ɗan Turan yana nan zaune cikin gilas a kowane shago, yana kallona ina kallonsa. A ce iskar da Allah ya hore wa kowa kyauta, kai sai ka jira wasu mutane da ba ka taɓa gani ba sun daidaita cinikinsu kafin ka shaƙe ta! Ba wanda ya sanar, ba wanda ya ba da haƙuri, ba wanda ya ce ga ranar da zai dawo.

Na koma tattalin ɗan guntun da ya rage mini. Duk shaƙa ɗaya sai in ja layi a bayan littafina. In ƙirjina ya fara kukan kyanwa sai in zauna in lallashe shi, ko zai haƙura ba tare da magani ba. Tsorona ɗaya ne: kada ya ƙare, ciwon ya tashi mini a ɗakin jarrabawa.

To ga yadda nake neman magani, don a nan matsalar take. Ni mutum ne da gaisuwa ma sai na shirya ta a zuci. Saboda haka na rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe a wata 'yar takarda. In na shiga kemis sai in miƙa ta, da na ji "babu" sai in ce "na gode" in fice kamar wanda ya zo sata. Akwai shagon wani Malam Bukar a Kumbiya-Kumbiya, dattijo ne Babarbare mai sanyin magana. Sau huɗu ina zuwa wurinsa. Kowane zuwa yakan ce, "Babu, ɗan makaranta, amma dai..." Kafin ya kai ƙarshen "amma" ɗin na riga na kai bakin titi.

Zuwa na biyar ranar Laraba ne bayan la'asar. Shagon cike yake, har da Hauwa, wata 'yar ajinmu da muka shekara uku ba mu wuce "ina kwana" ba. Na miƙa takardata, na ji "babu", na juya. Sai ga wata tsohuwa Bafulatana ta shigo tana dogara lema. Ko gaisuwa ba ta gama ba Malam Bukar ya sunkuya ƙarƙashin kanta, ya zaro shuɗin kwali, ya sa a baƙar leda, ya miƙa mata.

Shi ne. Na san kwalin nan fiye da yadda na san fuskata.

Ban san lokacin da na dawo ba. Mako biyu na yawo da rashin barci suka taso mini gaba ɗaya.

"Malam, ka ji tsoron Allah!" Haka na ji wata murya ta faɗa, ashe tawa ce. "Sau biyar! Litinin, Alhamis, Asabar, Litinin, da yau! Kullum babu, ashe akwai, sai dai ba na irinmu ba ne! Ku ne masu ɓoye magani har ya yi tsada! Mutum na mutuwa kuna duba fuska!"

Kowa a shagon ya juyo kaina. Ni kuwa da na ga ana saurarona (abin da bai taɓa faruwa da ni ba), sai na ƙara wuta. Na kawo hukuncin mai ɓoye kaya a musulunci. Na ambaci haƙƙin majinyaci. Sannan na yi abin da har gobe nake neman gafara a kansa: na fizge ledar daga hannun tsohuwar, na zaro kwalin, na ɗaga shi sama.

"Jama'a ku shaida! Ga shi nan!"

A saman ne hannuna ya gaya mini abin da kaina ya ƙi ji. Kwalin ba nauyi. Na ɗan matsa shi, ya lotse. A gefensa an rubuta da biro: Hajiya Dada.

"Kai Bukar," in ji tsohuwar, ko a jikinta, "yaushe ka yi mini sabon miji mai zafin kishi haka? Ko kwalin banza ba zai bari in fita da shi ba?"

"Ai ku Fulani haka kuke, duk inda kuka shiga sai an yi rigima," in ji shi. Ya sake sunkuyawa ya ɗauko wani katan ya ɗora a kan kanta. Cike yake da shuɗayen kwalaye, duk babu komai a ciki, kowanne da suna. "Ɗan makaranta, wannan layi ne. Tunda abin ya yanke, duk mai buƙata yakan bar mini tsohon kwalinsa. In na samu biyar ko shida, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta karɓi nata ne don ɗanta zai je Kano gobe, ya nuna ko za a dace. Sau biyu ana kawowa tun zuwanka na farko. Da ka bar naka, da tuni ka samu. Ina ta so in gaya maka, amma kai ba ka tsayawa."

Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai ƙirjina ya ce shi ma yana da magana. Ihun da na yi ya taso da ciwon. Na laluba aljihu na danna tawa inhelar, ta yi "fus" ta mutu. Mutumin da na gama kira maɓoyin kaya shi ya zagayo ya zaunar da ni a benci yana mini fifita da kwali. Hajiya Dada ta kwance bakin zanenta ta ciro tata, wadda ita ma saura ƙiris, ta goge bakin da mayafi.

"Ungo, maigida. Biyu kawai, ka ji? Kada ka shanye mini gado."

Na shaƙa biyu. Ina jin iska na komawa inda ta saba, idanuna na zubar da ruwa (na asma ne, ko da wani zai ce muku ba haka ba). Da na ɗago, Hauwa na tsaye da ledar maganinta.

"Ikon Allah," ta ce. "Wallahi mu a aji mun ɗauka ba ka da murya. Ashe har wa'azi kana yi."

Washegari na kai kwalina, na rubuta sunana a gefe, na tsaya har Malam Bukar ya gama maganarsa, wadda ta haɗa da tarihin zuwansa Gombe. Kwana biyu kafin jarrabawa layi ya zo kaina.

Har yanzu ina kan bakana: wanda ya bar masu asma suna layi da kwalayen wofi ya cancanci duk abin da na faɗa, har da ƙari. Matsalar ita ce shi ba ya zama a shago, kuma ba a san ƙofar gidansa ba, shi ya sa ihun talaka kullum a kan ɗan'uwansa yake sauka. Ni dai na ɗauki darasina. In za ka ɗaga hujja sama a gaban jama'a, ka fara girgiza ta kusa da kunnenka tukuna.