Yadda Cindo Ya Shigo da Rana Ɗaki

A ƙauyenmu akwai wani mutum, Cindo. Gidansa mutum uku ne: shi, da matarsa Kande, da wata akuya wadda maƙwabta ke cewa ita ce mai shawarar gidan. Cindo ba ya musu, ba ya ƙari. Abin da ka faɗa shi zai yi, abin da ba ka faɗa ba kuwa ruwanka.

Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tana gidan gajiyayyu na bakin kasuwa. Tsufa ya juya mata lokaci, ta wuni tana barci, ta kwana ido biyu. Abin da ya fi ci wa Cindo rai shi ne ta manta da shi. In ya gaishe ta sai ta ce, "Sannu, bawan Allah." Don haka ya nemi aikin shara a gidan, ko wata rana ta kira sunansa.

Wata rana Sista Ladi, mai jinyar gidan, ta zo da wata fitila daga birni, mai farin haske. Ta ce a can an gano haske da safe yana gyara barcin tsofaffi da tunaninsu. Kakanninmu da ke shan hantsi a bakin zaure, ashe bincike suke yi ba su sani ba. Ta ce, "Cindo, kullum da safe ka ajiye ta gaban Iya." Ya ajiye. Da ta dawo zagaye sai ta tarar Iya ta shimfiɗa mata ƙyalle tana ɗora goro a kai.

"Ka kunna kuwa?"

"Sista, ajiyewa kika ce."

Wata rana Sista ta ce, "Ka kunna, kuma kada hasken ya bar fuskarta." Iya ta juya gabas, Cindo ya juya. Ta tashi alwala, ya bi ta. Da ta nufi bayi yana biye, sai ta kwaɗa masa buta. Malam Barau, tsohon ɗakin kusa, ya ce, "Madalla, magani ya fara aiki. Rabonta da saiti irin wannan tun tana amarya."

Wata rana Sista ta ce, "In yamma ta yi, ba na son ganin haske ko ɗaya a gidan nan, don su yi barci." La'asar sakaliya Cindo ya cire ƙwayayen lantarki, ya wuce madafa ya sheƙa wa murhu ruwa, tuwo na kai. Ranar babu wanda ya runtsa. Yunwa ba ta karanta binciken ba.

Wata rana aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba, fitilar birni ta koma teburin goro. Cindo ya je ya tsaya kan Sista. "Yanzu yaya za a yi da Iya?" Ita kuwa ta gaji. Ta ce, "Yayana, sai ka je ka shigo mata da rana ɗakin!"

Ya ce to. Ya ari tsani, ya hau, ya kware kwanon rufin ta gabas.

Hantsi ya zubo har kan tabarmar Iya. Kafin a samo kafinta, tsofaffin gidan sun mai da ɗakin dandali, kullum da safe suna jere kamar ƙadangaru, ana hira ana gardama. Dare ya yi, sai minshari. Sista ta duba, ta ce a dakata da kafintan tukuna.

Wata safiya Iya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama.

"Wane sakarai ne ya kware mini rufi?"

"Ni ne, Iya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ai na sani. Duk garin nan wa zai yi wannan in ba Cindo ba? Ni na haife ka."

Cindo ya zauna a ƙasa ya yi ta kuka. Malam Barau ya ce, "Yi a hankali, ɗana. Bar wa damina nata aikin."