Mamuda Darakta da Amyar Baba Nomau

Ku dai ba ku da aiki sai tambaya. Mutum na tsintar shinkafa kuna tsintar bakinsa. Wa ya ce muku ina da labari? To, ku matsa daga kan tabarmar nan, kuma duk wanda ya katse ni ya ji ranƙwashi.

Wani mutum ne a nan Zariya, Mamuda, wanda ya raɗa wa kansa Darakta. Ba wanda ya naɗa shi. Baƙin gilashi ko ana ruwan sama, hula a karkace, turare kuwa tun yana bakin kasuwa za ka san ya fito. In ya buɗe baki, Turawa sun kira shi jiya, Larabawa na jiransa gobe. In ya buɗe aljihu, sai ɓawon gyaɗa.

Su shida ne a ƙungiyarsu, masu fim ɗin gaskiya, wato wanda ba a yin wasa a ciki. Su je wurin majema ko masunta, su ɗauko su yadda suke, su sayar wa gidan talabijin. A zauren nan nawa suke taruwa duk Asabar, ina dama musu kunu. Ni ban san boko ba, amma na san tsari in na gan shi. Kyamara ɗaya gare su, ana zagayawa da ita. Yau a yi naka, gobe ka riƙe wa wani. Kuma ba mai sa hannu a takardar ciniki sai an karanta ta a gaban kowa, don an taɓa cutar ɗayansu.

Da layi ya zo kan Mamuda, sai ya ce shi fim ɗin masu ɗiban zuma zai yi. Aka tafi wani ƙauye bayan Giwa, wurin wani tsoho, Baba Nomau, mai amya ta fi arba'in a kan itatuwa. Barira, wata siririyar yarinya marar surutu, ita ke riƙe da kyamara. Gambo na ɗaukar murya. Kwana tara suna zuwa. Barira ta hau bishiya, ta sha hayaƙi, ta sha harbi har kunnenta ya yi kamar waina. Shi kuwa Darakta, ranar farko wani ƙudan zuma ɗaya ya yi masa "zuuu" a gefen hanci, ya shige mota ya ɗaga gilashi. Daga nan yake ba da umarni da hannu, ba mai kallonsa.

Fim ya yi kyau. Da aka gama tacewa, Mamuda ya kalla, ya ga abu kamar a lasa, sai zuciya ta raya masa cewa tuwon mutum shida in mutum ɗaya ya ci ya fi ƙoshi. Ya goge sunayen kowa. Ya bar nasa, manya-manya, sau uku. Ya ɗauki fim ya yi Kaduna ba sallama, wurin wata Hajiya Asabe da ke sayen irin waɗannan wa wani gidan talabijin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hajiya ta kalla, ta yaba, ta tambayi wanda ya ɗauka. Ya buga ƙirji. Da ya tsaya nan da ya ci banza, amma baki ba shi da linzami. Ya ce wata uku ya yi a daji. Ya ce ƙudan zuman sun san warin jikinsa, da hannu yake zaro saƙa kamar mai ɗauko goro a aljihu. Ya ce har tsohon ya ba shi kyautar amya guda, ya ce duk cikin yaransa ba kamarsa.

Hajiya ta ajiye biro. Ta ce to ai wannan shi ne abin da masu kallo ke so. Za ta saya, amma sai an ƙara a farkon fim ɗin a nuna shi yana ɗiban zumar da kansa, kuma za ta zo ta gani da idonta.

Mamuda ya ga ya ɗebo ruwan dafa kansa. Amma ciniki na gaba, ga girma ya riga ya ɗauka. Ya ce ai wannan kamar shan ruwa ne.

To mutum ba ya ɗaukar kansa da kansa, dole ya dawo zauren nan. Ya shigo yana soshe-soshe, ya ce ɗan ƙari kawai ake so. Gambo ya riga ya ji komai daga wani abokinsa a Kaduna, ya ce wallahi ko murfin kyamarar ba zai taɓa ba. Barira ta ce a'a, doka ba ta ce a hana ɗan ƙungiya kyamara ba, za ta riƙe masa. Ta tambayi takardar cinikin. Ya ce tana wurin ɗinki. Ni dai ban taɓa jin an kai takarda wurin tela ba, amma na ci gaba da damuna.

Ya zaɓi ranar Alhamis, don ya san ranar Baba Nomau ke cin kasuwa, ba mai tona shi. Kuma ya sa tsakar rana, wai don haske.

Suka isa da Hajiya da Barira, har da Gambo, rana na tsakiyar ka. Mamuda ya fito cikin shadda baƙa wul, ya juye rabin kwalbar turare saboda Hajiya. Barira ta ja shi gefe ta gaya masa abu uku a hankali. Ba a buɗe amya da rana tsaka. Ƙudan zuma ba sa shiri da turare. Kuma ba a taɓa kayan mutum ba ya nan, don haka ta aika a kira tsohon. Ta miƙa masa ragar rufe fuska irin tata.

Ya waiga ya ga Hajiya na kallo. Ya ture ragar da bayan hannu.

"Ƙanwata, wannan ta 'yan koyo ce. Ke dai kunna abinki."

Jin an aika kiran tsoho ya sa shi sauri. Ya jingina tsani da wata ɗorawa, ya hau yana bayani da Turanci. Ya isa amya, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar mai sallama a ƙofar surukai. Ya cire marfin.

Shiru. Sai "wuuuu".

Na farko ya same shi a leɓe, ana tsakiyar Turancin. Na biyu a fatar ido. Daga nan ba a ƙirga ba. Ya saki tsani, tim, ya faɗo kamar buhun masara. Ya miƙe ya yi mota, inda ya saba. Ashe Hajiya ta riga shi, ta kulle ƙofa ta ɗaga gilashi. Ya buga, ta girgiza kai. Ya zaga motar sau biyu, baƙin girgije na bin sa. Ya cire riga, suka gode masa. Ya falla da gudu, takalmi ɗaya gabas ɗaya yamma, ya faɗa kududdufin da shanu ke sha, tsundum. In ya ɗago hanci, tsau. Ya koma.

Barira kuwa tana tsaye cikin ragarta, ko gezau, kyamara na aiki. Ya ce ta kunna, bai ce ta kashe ba.

Ana haka Baba Nomau ya iso a kan keke. Ya kunna damin ciyawa, ya bi da hayaƙi, ya rufe amyarsa yana faɗa. Da ƙura ta lafa, Gambo da Barira suka tsamo Darakta, suka zaunar da shi a inuwa suna cire masa ƙari ɗaya-ɗaya. Fuskar nan ta zama kabewa. Tsohon ya gaisa da Barira, 'yata kaza 'yata kaza, ya tambayi kunnenta.

Hajiya ta sauke gilashi kaɗan.

"Baba, yaya aka yi suka juya wa babban yaronka baya?"

Tsohon ya leƙa fuskar, ya ɗauki gilashin da ya faɗi ya kara masa a ido, sannan ya gane shi.

"Wannan? Ai direbansu ne, Hajiya. Kwana tara suna zuwa ban ga ƙafarsa a ƙasa ba."

Asabar ɗin da ta biyo, Hajiya da kanta ta zo zauren nan da sabuwar takarda. Aka karanta ta a gaban kowa, layi-layi. Mamuda na kusurwa, ido bai buɗe ba tukuna, Gambo ke maimaita masa. Ba su kore shi ba, rabonsa ma an ba shi daidai da na kowa, don Hajiya ta ce gudun nan nasa sai ya fi komai kasuwa. Aka sa sunan Barira a sama. Da aka zo ƙarshe, Mamuda ya tambaya da leɓensa mai kamar ƙoda, shi me za a rubuta masa.

Hajiya ta ce fim ɗin gaskiya ne, abin da shaida ya faɗa za a sa. Direba.

Gambo ya yi gyaran murya.

"Hajiya, a gafarce ni. Ni ke tuƙin. Bai iya mota ba."

Ta soke, ta sake rubutawa. Haka ya fito a talabijin, duk Zariya ta gani, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe: Fasinja, Mamuda.

To dariyar ta isa haka. Kai, ɗauke tiren nan ka rufe kaji. Ke kuma wanke ƙafa kafin ki hau mini gado. Kowa ya tashi ya kwanta.